Waƙar da Dutsen Niƙa Ya Tafi da Ita: Shin Muna da Bakin Kuka?

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce, malaminmu na adabin baka ya ɗora wa kowane ɗalibi aikin ya koma garinsu ya tattaro waƙoƙin mata guda 12, ya rubuta su, sa'an nan ya yi musu sharhi. Ni kuwa sai na ga faɗuwa ta zo daidai da zama, domin mutuniyar ƙasar Bunkure ce ni, kuma ina da wata gwaggo, yayar mahaifina, wadda aka ce a zamanin 'yanmatancinta ba a soma gaɗa a dandali sai ta iso. Na sayi goro da turare, na isa gidanta da hantsi, muka gaisa, na ajiye wayata a gabanta don ɗaukar murya, na ce, "Gwaggo, waƙar niƙa nake so ki yi mini."

Ta dube ni, ta dubi wayar, ta ce, "A nan zaune? 'Yar nan, ke kin taɓa ganin an yi waƙar niƙa a kan tabarma, hannu sake? Je ki nemo dutsen, ki auno dawa kwano huɗu, ki durƙusa ki fara. In numfashinki ya soma sarƙewa, waƙar za ta zo da kanta."

Na yi dariya, sa'an nan na shiga yi mata irin jawabin nan namu na 'yan makaranta, cewa abin takaici ne ƙwarai a ce irin wannan dukiya ta kakanni tana salwanta, kuma an yi babban rashi. Ba ta bari na kai aya ba. Ta ce, "Wa ya gaya miki na yi rashi? Ranar da aka kafa injin niƙa a garin nan, guɗa na yi." Ta yaye bakin zanenta ta nuna mini gwiwoyinta, ga kanta nan baƙi ƙirin har yau, shekaru aru-aru bayan ta rabu da dutsen.

Tun daga ran nan wata tambaya ta hana ni sakat, ita ce kuma nake so in shimfiɗa a gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu. Mu da ba mu taɓa niƙa ko da zakka guda ba, shin muna da bakin da za mu yi kukan ɓacewar waƙar da wahala ta haifa? Idan kuwa akwai wani abu na gaske da 'ya mace ta rasa tare da waƙar nan, mene ne shi?

Sai na ɗan bayyana wurin, don amfanin wanda bai san shi ba. Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya da rani zai ga, da ya doshi Kura, ƙasa ta rikiɗe ta koma kore shar, alhali ko'ina ya bushe. Wannan aikin madatsar ruwan Tiga ne, wadda aka kammala a 1974, zamanin mulkin Audu Baƙo. Daga can aka jawo ruwa ta babbar magudana aka rarraba shi cikin ƙasashen Bunkure da Kura da Garun Malam, inda Kadawa take, kuma kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan hekta 22,000. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ita ce daga baya ta riƙe aikin. Kafin zuwan ruwan, abin da aka san Kura da shi rini ne. Baƙin yadin nan mai sheƙi da Buzaye ke naɗawa har sunan garin ya ɗauka, kuma zaren da aka saƙa shi da shi mata ne suka kaɗa shi a cikin ɗakunansu. Bayan zuwan ruwan sai alkama da tumatir da albasa, daga baya kuma shinkafa ta mamaye kome. An share gonaki da manyan motoci, an daidaita ƙasa, an sare itatuwa masu yawa, ɗorawa da kuka da tsamiya, aka yanka filaye aka mayar wa masu su. Kuɗi ya shigo, babura suka shigo, injin niƙa da na casa suka shigo. Shekara ta daina rabuwa gida biyu, lokacin aiki da lokacin hutu. Wannan na ƙarshe shi ya fi shafar maganarmu, domin kaka da rani su ne lokacin dandali da farin wata da bukukuwa, ga shi kuwa noman rani ya cinye su.

To, me waƙa take yi wa yarinya a da? Ni a ganina ita ce ma'aunin girmanta. Bahaushe ba shi da wani biki na musamman da yake yi ran da 'yarsa ta balaga, abu ne da ake rufewa tsakaninta da uwarta ko kakarta. Amma duk wanda ke da kunne yana iya sanin inda yarinya ta kai ta wajen waƙar da ke bakinta. Tana goye ana yi mata waƙar reno. Ta tasa, ta shiga sahun masu tafa hannu a gefen da'ira, tana amshi kawai. Ran da ta shiga tsakiya ta ba da waƙa sauran suka amsa, ta faɗa baya ƙawaye suka cafe ta, ran nan unguwa ta san an yi budurwa. Daga nan sai waƙar talla, sai waƙoƙin da ƙawaye ke yi ranar kamu da zaman lalle, waɗanda rabinsu zolaya ne rabinsu kuka. Aka kai ta ɗaki, aka yi sayen baki, aka watse aka bar ta. Daga ran nan dandali ya haramta gare ta, abin da ya rage mata sai turmi da dutsen niƙa. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a 1949 zuwa 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda tsohuwar nan ba ta iya ba da labarin wani mataki na rayuwarta ba tare da waƙarsa ta biyo baya ba.

A lura da wani abu game da suna. 'Ya mace a ƙasar Hausa tana tafe ne tana sauya suna kamar yadda take sauya zane. Ran suna an raɗa mata na yanka, amma in 'yar fari ce uwarta ba za ta taɓa faɗinsa ba. Sai a kira ta da ranar da aka haife ta, Ladi ko Talatu ko Jummai, ko kuwa da yanayin zuwanta, kamar Kande in ta biyo bayan maza. Ta yi aure ta zama amarya, aka yi mata kishiya ta zama uwargida, ta haihu ta zama uwar wane, aure ya mutu ta zama bazawara. Duk waɗannan sunaye wani ne ya sa mata, kuma kusan dukkansu suna nuna matsayinta ne a jikin wani. Ita kanta ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta ɗaga murya gaban surukai, kunya ta ɗaure mata harshe ta kowane gefe. Wuri guda ne al'ada ta bar mata ƙofa a buɗe, watau cikin waƙa. A bakin dutsen niƙa tana iya cewa "ni", ta faɗi gidan da ta fito, ta yabi ubanta, ta yi wa kishiya habaici, ta yi wa uwar miji shaguɓe, kowa na ji, ba kuwa mai ce mata don me, tun da ai waƙa ce. Rubutattun waƙoƙin da maza suka yi a kan mata suna da yawa, kuma akwai masu kyau a ciki, amma galibinsu ko dai yabon kyanta ne ko kuwa gargaɗi gare ta. A waƙar niƙa kuwa ita ce mai magana.

Wannan shi ne abin da ya sa ban yarda da gwaggona ɗari bisa ɗari ba, ko da yake ban iya ce mata kome ba a lokacin. Amma bari in jinkirta hukunci, domin akwai rabin maganar da ban taɓo ba tukuna, shi ne labarun da ake ba yarinya ta dubi kanta a ciki.

Babu ɗan makarantar da bai san labarin Daura ba. Ana cewa mata ne ke sarautar garin, ɗaya bayan ɗaya, har zuwa kan Daurama. A rijiyar Kusugu akwai maciji mai suna Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo ya zo da dare, Bayajida, ya sauka gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi rijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kan macijin. Sarauniya ta aure shi. Ƙwarƙwarar da ta ba shi ta haifi Karɓagari, ita kuma ta haifi Bawo, daga nan sarauta ta koma hannun maza ba ta sake dawowa ba. Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan abin da ke ƙarƙashin labarin, ko ƙaurar wasu mutane ce daga gabas, ko kuwa bayanin yadda gado ya tashi daga ɗakin uwa ya koma na uba. Wannan fagensu ne. Abin da ya dame ni shi ne abin da yarinya 'yar shekara 10 take ji idan aka ba ta labarin. Tana jin cewa a da can mace ta riƙe gari, wannan abin alfahari ne. Tana kuma jin cewa a ƙarƙashin mulkin macen nan mutane da ƙishirwa suke kwana, sai da namiji ya zo aka sha ruwa, kuma ladan ruwan shi ne gadon sarauta.

Duk lokacin da na tsaya bakin babbar magudanar da ta ratsa ƙasarmu, tana tafe tana lanƙwasa, ana buɗe ƙofofinta bisa ƙa'ida yau a ba wannan yanki gobe a ba wancan, sai labarin nan ya faɗo mini. Ba na so in ja kwatancen har ya tsinke, amma akwai kama. Wata Baturiya mai bincike, Cecile Jackson, ta zauna a wannan yanki cikin shekarun 1970 tana nazarin abin da shirin ya yi wa mata. Abin da ta gano ba fuska ɗaya gare shi ba. Matan kulle da yawa sun samu ci gaba a sana'o'insu na cikin gida, saboda kuɗi ya yawaita a hannun masu sayen abincin da suke dafawa. Matan Maguzawa kuwa, waɗanda ke noma da hannunsu kuma suke da gayaunarsu, sun fi shan wuya, aikin gandun miji ya ƙaru a kansu. Itatuwan da aka sare kuma, mace ce mai yin daddawa da kalwarsu, ita ce mai neman itacen girki. Masu tsara shirin da magidanta suka yi shawara. Ruwa ya samu, gari ya sha, amma ba a tambayi Ayana ba.

Ɗaya madubin da ake miƙa wa 'yan mata shi ne Amina ta Zazzau. Ita kam tana cikin littattafai: Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, cikin ƙarni na 15, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, ko da yake waɗansu masana sun fi karkata ga cewa a ƙarni na 16 ta yi zamani. An sa wa ɗakin kwanan ɗalibai mata sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, haka ma wata kwalejin 'yan mata a Kaduna. Madalla. Sai dai a duba yadda baka ya adana ta. Ana yabonta ne da cewa ta yi abin da maza ke yi, ana kuma ƙarawa da cewa ta ƙi aure. Watau an ajiye wa yarinya sarauniya biyu, ɗaya ta yi aure mulki ya kuɓuce wa jinsinta, ɗaya ta riƙe mulki ta bar ɗaki. Yarinyar da ke ɗauke da kwandon tumatir daga Kadawa, wadda ke son ta gama sakandare kuma tana son ta yi aure kamar kowa, a jikin wace za ta ga fuskarta?

Ni na fi ganin fuskarta a tatsuniya, wadda muke rainawa. A tuna da 'yar bora da aka tura wankin ƙirgi a ruwan Bagaja, ko kuwa yarinyar nan ta labarin Daskin-da-riɗi, wadda 'yan'uwanta suka wuce tsohuwa a bakin rafi suka ƙi cuɗa mata baya, ita ta tsaya ta cuɗa, tsohuwar ta ba ta sutura ta kuma gaya mata sunan da kowa ya kasa sani. An sha sukar waɗannan labaru da cewa suna koya wa mace haƙuri da wulaƙanci, a zalunce ta ta yi shiru, ladanta kuma kullum auren ɗan sarki. Akwai gaskiya cikin sukar, ba na musu. Amma a sake dubawa. Yarinyar nan ita kaɗai ta fita daga gida, ta ratsa daji, ta gamu da abubuwan ban tsoro ta yi musu magana da hankali, ta ƙi cin abin da ba a aike ta ci ba, ta komo da dukiyar da ta samu da halinta. Babu Bayajida a cikin labarin. Wadda ta taimake ta ma tsohuwa ce, mace irinta, kuma abin da ta ba ta sani ne. Wa ya ƙagi waɗannan labaru, wa ya riƙa ba da su da dare? Tsofaffin mata. Labarin Daura da na Amina a fada aka adana su, marubuta da maroƙan sarki suka riƙe. Tatsuniya kuwa a ɗakin kaka ta kwana. Ba abin mamaki ba ne da jarumarta ta fi kama da 'yar talaka.

Na san abin da wani ɗan'uwa zai ce, domin an faɗa mini shi a zauren muhawararmu. Zai ce tatsuniya ƙarya ce, mai ba da ita ma da bakinta take rufewa da ƙurunƙus, kuma waɗansu waƙoƙin mata cike suke da ambaton iskoki, su Inna Doguwa da Sarkin Rafi da sauran mutanen Jangare, waɗanda ake cewa suna zaune a kuka da tsamiya da bakin ruwa. Zai ce in motar share gona ta tumɓuke tsamiyar, makarantar Islamiyya kuma ta tumɓuke waƙar, to, alhamdu lillahi. Game da ƙarya, amsar mai sauƙi ce: ƙarya ita ce a gaya maka abu don ka ɗauka ya faru alhali bai faru ba, tatsuniya kuwa tun daga buɗe baki ta sanar da kai cewa ƙage ce, kamar yadda malami ke buga misali. Game da bori kuwa, ni Musulma ce, ba na roƙon a komar da kowa ga girka. Amma ina so mu dubi yadda wadda ta fi mu ilmi da tsoron Allah ta bi da wannan matsala.

Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta tarar da ƙauyuka cike da mata waɗanda bori ne mafakarsu, musamman bayan yaƙe-yaƙen jihadi. Ta fahimci cewa mace ba ta zuwa wurin Inna don wauta, tana zuwa ne don can ake sauraron ciwonta, can take da matsayi. Saboda haka ba ta tsaya ga hani ba. Ta kafa 'yan taru, ta naɗa wa kowace ƙungiya jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, irin alamar da aka san Innar Gobir da ita, shugabar bori ta wancan zamani. Ta ba su waƙoƙi da Hausa da Fulatanci waɗanda za su haddace su rera a tafe ko a bakin aiki. A cikin wata waƙarta ta jero mata salihai tun daga iyalan Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, har su Rabi'atul Adawiyya, har matan zamaninta. Abin da ya fi burge ni kuwa shi ne marsiyyoyin da ta yi wa mata waɗanda ba sarauta gare su ba, har da maƙwabciyarta, har da wata mai karɓar haihuwa. Ta san cewa in ka karɓe wa mutum madubi, wajibi ne ka ba shi wani, kuma wanda zai ga irinsa a ciki. Mu kuwa, 'yan boko da 'yan Islamiyya baki ɗaya, mun iya karɓewa.

Ga misalin abin da nake nufi. A 1977 matan da ke roron koren wake a gonar wani kamfanin Turawa a wannan shiri na Kadawa, wake da ake ɗauka a jirgin sama zuwa Turai, suka ajiye aiki suna neman a ƙara musu lada. Yawancinsu manyan mata ne na ƙauye waɗanda ba sa kulle, ba su da ƙungiyar ƙwadago, ba su yi boko ba. Jackson ɗin nan ta rubuta labarinsu a wata maƙala mai suna Hausa Women on Strike, aka buga a wata mujalla a Ingila a 1978. Ni da aka haifa tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga wurin, a laburaren jami'a na fara jin labarin, da Turanci. A firamare an koya mini Amina, an koya mini Daurama, an sa na haddace Hausa bakwai da banza bakwai. Ba wanda ya ce mini sa'o'in kakata sun taɓa tsayawa gaban Bature suka ce a'a. Da a ce wannan abu ya shiga waƙar gaɗa, da yanzu kowace yarinya a Kura ta san shi, ko da sunayen sun ɓace, ko da an ƙara masa gishiri har ya zama almara. Haka ake yin Daurama tun asali, wani abu ya faru, baki ya ɗauka.

Yanzu sai in koma ga tambayata. Hukuncina shi ne gwaggona ta fi ni gaskiya a kan dutsen. Ba daidai ba ne mutum ya zauna a ƙarƙashin fanka yana begen wahalar da wani ya sha don kawai wahalar ta fid da sauti mai daɗi. Wanda ya yi haka ya mai da ɗan'adam kayan kiɗa. Akwai irin wannan hali a cikinmu masu nazarin al'ada, mu faɗi gaskiya, muna son ƙauye ya tsaya yadda yake don mu riƙa zuwa muna ɗebo abin rubutu, mu sami digiri, tsohuwa ta sami goro. Duk wanda ke kukan waƙar niƙa, a miƙa masa dutsen.

Sai dai dutsen da waƙar ba abu ɗaya ba ne, ko da yake tare suka zo tare suka tafi. Dutsen ya ba ta wahala, ya kuma ba ta uzurin buɗe baki. Inji ya ɗauke wahalar, wannan alheri ne, amma ya haɗa da uzurin, ba kuwa wanda ya lura balle ya biya diyya. Ba na cewa mata sun yi shiru. Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shekara da shekaru tana kiɗan ƙwarya tana zuga mata su kama sana'a. Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu sun fitar da Alƙalami a Hannun Mata a 1983. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a 1990, kuma marubuta mata da yawa sun bi wannan hanya. Amma waɗannan gwanaye ne, ɗaiɗaiku, sauran mata masu sauraro ne da karatu. Waƙar niƙa kuwa ba ta bukatar gwani, kowace mace mawaƙiyar kanta ce, tana ɗaukar tsohon amshi ta zuba nata ciwon a ciki. Ƙanwata a yau ta haddace waƙoƙin finafinai fiye da 50, tana rera su da murya mai daɗi tana wanke-wanke. Mafi yawansu maza ne suka rubuta su a ɗakunan ɗaukar sauti na birnin Kano, suka ba mace ta rera. Tana cewa "ni" a cikinsu, amma wani ne ya tsara mata abin da "ni" ɗin zai ce.

Ashe ke nan aikin da ke gaban ƙungiya irin tamu ya wuce tattarawa. Tattarawa tana da amfani, kuma muna godiya ga magabata irin su Ibrahim Yaro Yahaya da suka adana mana tatsuniyoyi da wasanni. Amma waƙar da aka kwantar a takarda aka ajiye a kanta ta zama kamar kifin da aka shanya, ana iya ci, ba ya iyo. Me zai hana mu da ke zuwa koyarwar gwaji a makarantun Kura da Bunkure mu ce wa 'yan mata su yi tasu, a kan karin da suka ga dama, a kan turara shinkafa da shanya ta a bakin titi, a kan jiran ruwa, a kan ranar da aka ce an ba da su? Wataƙila tara cikin goma ba za su yi kyau ba. Na dandali ma haka suke, baki ne ya tace su.

Akwai kuma sauran magana a kan haƙƙin mai waƙa, wadda ban yi tunaninta ba sai da na koma wurin gwaggo ana jibi zan dawo makaranta. Na riga na sami waƙoƙi 11 daga wasu tsofaffi, na gaɗa da na lalle da na daɓe, saura ɗaya. Na tarar da ita da yamma tana bakacen shinkafa, jikarta na tsince mata tsakuwa. Ban roƙe ta kome ba, na zauna na kama tsintar. Can sai na ji faifan ya soma tafiya da wani kari, ta fara a hankali kamar mai magana da kanta. Waƙar niƙan ce. A ciki akwai sunan ƙauyen da aka kai ta tana 'yar shekara 14, da sunan kishiyar da ta tarar, da wani abu da aka yi mata a shekarar farko wanda ban taɓa ji ba, na kuma tabbata mahaifina ma bai sani ba. Hannuna ya kai kan jaka inda wayar take. Ba ta daina bakacen ba, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Bar abin nan, 'yar nan. Masu sunan suna da jikoki a garin nan."

Na janye hannuna. Ta kai ƙarshe, ta juye shinkafar a ƙwarya, ta aiki jikar ta ɗebo wata. Waƙa 11 na miƙa wa malam, ya rage mini maki biyu.